Ni da ɗalibaina a ajin kwamfuta

Jama'a, koya wa yara rubuta manhaja ya fi mini sauƙi a kan koya musu bayyana abin da suka rubuta. Da Scratch muka fara, wato yaren haɗa manhaja na yara wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007: yaro ya ja tubali ya haɗa da wani, sai kyanwar kan allo ta kama tafiya. Daga nan muka koma Python, yaren da ake rubuta umarninsa layi-layi, inda tazara ɗaya a farkon layi kan hana komai aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubuta bayanin amfani. Kowa ya rubuta yadda ake sarrafa manhajarsa, ya miƙa wa na kusa da shi, kuma babu damar buɗe baki. Wata yarinya tana ji tana gani ƙawarta ta maƙale a mataki na biyu, saboda ba ta rubuta a danna koriyar tutar da ke tayar da manhaja a Scratch ba. Ban ce mata uffan ba, da kanta ta karɓi takardar ta gyara.

Sai muhawara: shin a bar ɗalibi ya yi aikin gida da ChatGPT? Sharaɗina shi ne kafin ka kare ra'ayinka, ka fara faɗin hujjar abokin karawarka yadda shi ma zai gamsu. Wani yaro ya ce ƙirƙirarriyar basira irin wannan hasashen kalma ta gaba take yi daga tarin rubutun da aka horar da ita a kai, shi ya sa takan shirga ƙarya ba ko inda-inda. Wallahi har raina na ji daɗi. Mako mai zuwa kowa zai kawo amsa ɗaya da ya bincika ya gano kuskurenta.