Guguwa, 'yar riƙon da ta zama tamu

A Ingila, in ta hannun ƙungiyoyin ceton dabbobi za ka ɗauki kare, kuɗi da sha'awa kaɗai ba sa isa. Sai sun aiko wakili ya zo ya ga gidan, ya auna shingen bayan gida, ya tambayi awa nawa gidan ke zama ba kowa. Namu shingen a Sheffield bai kai ƙafa shida ba, aka ce a ɗaga shi tukuna. Da na ga tsallen karyar da idona, ban ƙara jin haushin kuɗin kafinta ba.

Irinta ake kira lurcher, wato gaurayen karen tsere mai dogayen ƙafafu da karen kiwo. Tun asali don kamun zomo aka samar da su, kuma da yawansu kan ƙare a gidajen ceto idan masu farauta da su sun gaji sun yar. Karen tsere zalla yana iya gudun kusan kilomita 70 a awa ɗaya. Tamu ba ta kai nan ba, amma shekararta ɗaya da 'yan watanni, ƙarfi na cinta, shi ya sa 'yata ta raɗa mata Guguwa.

Ba a keji muka same ta ba. Ƙungiyar ƙarama ce, ba ta da gidan ajiya, sai dai ta rarraba karnukan ga masu sa kai su riƙe a gidajensu kafin a samu mai ɗauka. Wata dattijuwa ce ta riƙe Guguwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, kuma ta miƙo mana ita tare da ɗan littafin da ta cika da rubutun hannu. A ganina wannan littafin shi ne duk amfanin riƙo. Kare a keji tsoro ne ke bayyana a jikinsa, halinsa na ɓoye. Wanda ya kwana da shi a gida kuwa ya san komai. Ta rubuta cewa tana satar man shanu daga kan tebur, tana buɗe ƙofa da ƙafar gaba, ba ta jituwa da kyanwa ko kaɗan, kuma tana tsoron namiji mai hula. Wannan na ƙarshe ni ya shafa. Kwanakin farko sai na cire hula a bakin ƙofa kafin ta yarda ta fito daga ƙarƙashin matakala. Ko wane mai hula ne ya cuce ta a baya, Allah ne masani.

Dattijuwar ba ta yi mana tallar kaya ba. Cewa ta yi, in muna neman wadda za ta kwanta gefen kujera tana kallon talabijin, mu ba ta shekara uku tukuna.

Da labari ya kai gida, Inna ta kira ni. "Kare kuma, a cikin gida? Kai da mahaifinka ya yi limanci?" Na ce, "Inna, ai Kaka ma da karnuka ya tsufa." Ta ce na Kaka na farauta ne, kuma ba su taɓa tsallake zaure ba. Gaskiyarta. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, ba a ɗaukar jikin kare mai rai ko yawunsa a matsayin najasa, duk da cewa ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Amma ajiye shi ba don gadi ko kiwo ko farauta ba, wannan malamai sun yi magana a kai, kuma ba na wasa da maganar. Abin da muka tsayar shi ne, Guguwa na kwana a ɗakin wanki da ke fita bayan gida, kwanonta daban, ba ta hawa sama inda muke salla. Maƙwabtana 'yan Somaliya da 'yan Fakistan kan kauce in mun haɗu a hanya, ni kuma nakan janye igiya in ba su wuri. Mazhabobinsu sun fi tsanani a kan yawun kare, ba gaba ba ce.

Wahalar gaske ita ce ƙarfin. Kana iya zagaya unguwa da ita har ƙafarka ta yi ciwo, ku dawo ta cinye maka takalmi. Tafiya ba ta gajiyar da irin wannan kare, motsa jini kawai take yi. Karnukan Kaka ba su da wannan fitina domin suna da aiki: su bi sawu, su shinshina, su kora. Sai na koma neman mata aiki. Nakan watsa abincinta cikin ciyawa ta yi ta nema da hanci, in ɓoye tsumma ta gano shi, sannan a ƙarshen mako mu kama hayar wani fili mai shinge na awa guda ta yi gudu son ranta. Minti goma na gudun tsiya, sai ta zube ta yi barcin yini.

Sakinta a tsaunukan Peak District da ke kusa da Sheffield kuwa, ban fara ba. Wurin cike yake da tumaki, tun 1953 doka ta mai da korar dabbobin kiwo laifi a kan mai kare, kuma manomi na iya harbe karen da ya auka wa garkensa idan ba wata hanyar hana shi. Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli ma, dole kare ya kasance a gajeriyar igiya a filayen da aka buɗe wa jama'a, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Guguwa in ta hango abu na gudu, kunnenta toshewa yake, ko da nama kake kiranta. Akwai 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatarta, wadda doka ta wajabta tun 2016, amma na'ura ba ta tare harsashi.

Dattijuwar kan tambayi lafiyarta lokaci lokaci, mu aika mata hoto. Jiya ta rubuto cewa an kawo mata wani kare ɗan wata takwas mai cin labule, ko mun san mai so. Na karanta wa uwargida saƙon, ta ce in kuskura in amsa, ni da shi za mu koma ɗakin wanki.