Yadda kwamfuta ke lissafa ɗigon ruwan cikin gajimare

Ɗigon gajimare faɗinsa kusan maikromita 20 ne, kuma sai kusan miliyan guda sun haɗu kafin a samu ɗigon ruwan sama ɗaya. Ita kuwa manhajar hasashen yanayi takan raba sararin sama gida-gida, kuma faɗin kowane gida yakan kai kilomita 1 zuwa 10. Tunda ba za a iya bin kowane ɗigo ba, dole a yi kintace.

Hanya mafi sauƙi ita ce lissafi a dunƙule, a riƙa bibiyar nauyin ruwan kawai. Tsarin Kessler na 1969 haka yake: ruwan gajimare ba ya zama ruwan sama sai ya haura mizani, misali giram 1 a kowane kilon iska. Illarsa, bai san yawan ɗigo ba, don haka ƙura da hayaƙi, waɗanda ɗigon ke samuwa a kansu, ba sa canja komai a lissafinsa. Tsare-tsaren da ke bin nauyi da adadi tare, irin na Morrison a manhajar hasashen yanayi ta WRF, sun fi inganci, sai dai manyan ɗigo sukan tsere wa ƙanana fiye da kima wajen faɗowa, shi ya sa ake sa wa girmansu iyaka.

Raba ɗigo rukuni-rukuni bisa girmansu, kamar rukuni 33, ya fi kusa da zahiri, amma yana cin lokacin kwamfuta. Kuskuren lissafi kuma yakan watsa ɗigo zuwa rukunan da ke maƙwabtaka, ruwa ya sauko da wuri.