Sauti ɗaya har iska ta ƙare

Na je wurin malamina na busa saksofon da yatsu masu gudu, ina taƙama da su. Ranar farko na zuba masa duk abin da na haddace daga faifan Charlie Parker, shahararren mai busa saksofon a kiɗan jaz. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaro, na ji yatsunka. Kai ne ban ji ba." Ya nuna min bango. Wata uku na yi ina tsayawa a gaban bangon nan, saksofon rataye a wuya, in ja numfashi in saki sauti guda, in riƙe shi har iska ta ƙare. In fara can ƙasa kamar raɗa, in ɗaga a hankali, in sake saukewa, kuma kada sautin ya karkace. Da ya ɗan yi rawa sai in ji "Sake" daga bayana.

Haushi nake ji sosai. Parker ɗin da nake kwaikwayo, da bakinsa ya ce ya yi shekara uku zuwa huɗu yana bita awa 11 zuwa 15 a rana, ni kuma na ɗauka duk gudun yatsu ya yi ta koya. Ban lura ba cewa ko sauti biyu ya busa, za ka gane shi ne.

A gaban bangon na fara sanin abin da ke hannuna. Jikin saksofon tagulla ne, amma muryarsa daga wani ɗan siririn kara take fitowa, wanda ake ɗaurewa a bakinsa, mabusa na ce masa rid. Shi ke karkarwa idan iska ta bi ta kansa. Mafi shahararsa daga kudancin Faransa ake nomo shi, yankin Var, kuma tun da tsiro ne, babu biyun da suke daidai. Ka buɗe kwali mai guda goma, da ƙyar ka sami uku da za ka yarda ka hau dandamali da su. Ka jiƙa shi a baki, ka daidaita shi da babban yatsa, ya yi maka daɗi da safe, da dare ya ƙi. Adolphe Sax, ɗan Beljiyam ɗin da ya yi wa wannan abin busa rajista a Faris a 1846, makaɗan soja da na manyan zauruka yake hange. Bai san zai faɗa hannun baƙaƙen fatar Amurka su mai da shi mai magana kamar mutum ba.

Malam ne ya ba ni labarin Lester Young. A 1934 Coleman Hawkins ya bar ƙungiyar makaɗa ta Fletcher Henderson ya tafi Turai, aka ɗauko Young ya maye gurbinsa. Saksofon iri ɗaya suke busawa, wanda ake kira tena, amma muryar Hawkins kakkaura ce mai cika ɗaki, ta Young kuwa sassauƙa, kamar tana shawagi. 'Yan ƙungiyar suka ƙi ta. Har faifan Hawkins aka riƙa kunna masa don ya koyi yadda ake yi. Watanni kaɗan ya yi ya kama gabansa, bai canza muryar ba. Daga baya muryar da aka raina ɗin ce mabusa da yawa suka bi, cikinsu har da Stan Getz. Ina son labarin nan, ko da yake an fi ba da shi da daɗin baki fiye da yadda rayuwa take. Wanda aka sallama yana da kuɗin haya a kansa.

Ni ma sai da aka sallame ni, kuma ba don wata murya ta musamman ba. Aikina na farko na dindindin a wani otal ne, mu huɗu: fiyano, bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kakkaurar murya), ganga, sai ni. Idan zagayena ya zo, ba na barin ko ƙofar allura, cika ko'ina nake da sauti. Wani dare mai gangar, dattijo ne, ya ajiye sandunansa a tsakiyar busata ya harɗe hannu. Na ci gaba ni kaɗai kamar mai sambatu. Da muka sauka ya ce, "Ɗana, na ga ba ka bukatarmu, shi ya sa na huta." Mako biyu bayan haka aka kira wani.

Jaz hira ce. Ana bin zagaye ɗaya, sau da yawa ma'auni (wato rukunin taki) 12 ko 32, a yi ta komawa kansa, kowa ya faɗi nasa a ciki. Mai bas yana ba ka shawara a kowane taki, mai ganga yana amsa maka, idan ka bar masa wuri. Ni ban taɓa bari ba, don tsoron shiru nake, gani nake za a ce na rasa abin faɗa. An san Dexter Gordon, wani gwanin tena, da karanto baitocin waƙa kafin ya busa ta. Da na gwada haddace kalmomin, sai na ga inda mawaƙi zai numfasa, nan ma ya kamata in tsaya.

Sauran sana'ar ba ta da wani armashi. Zuwa kan lokaci, iya busa waƙa ɗaya a duk mabuɗan sauti 12 don mawaƙiya na iya cewa a sauke mata, koyar da yara da rana, amsa waya. Yawancinmu da koyarwa muke rufa wa kanmu asiri.

Sonny Rollins, shi ma mai busa tena, yana tsakiyar tashe, ya janye daga fagen a 1959, ya koma bita a kan gadar Williamsburg ta New York har 1961, don bai gamsu da busarsa ba, kuma ba ya son damun maƙwabta. Ni gada ba ta samu ba, sai ɗan ɗakin ajiye kaya da na lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna. Nan nake shiga kowace safiya, minti 20, sauti ɗaya bayan ɗaya. Jiya wata ɗalibata 'yar shekara 14 ta iso da wuri, ta tarar da ni a ciki. Ta jira har na fito, ta ce, "Malam, saksofon ɗin ne ya lalace?"