Babban yatsa a kan baƙin gilashi

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya har na faɗa kan wani gajeren fim, irin wanda matasa ke haɗawa da kuɗin aljihunsu. Ɗaki ɗaya, mutum ɗaya, kusan ba magana.

Wani saurayi ne intanet ta yanke masa. Wayar ma ta mutu, amma babban yatsansa bai daina shafa baƙin gilashin ba, fuskarsa kawai yake gani a ciki. Can ya je ƙofar maƙwabcinsa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Ashe ko sunan mutumin bai sani ba.

Sautin bai fita sosai ba, ƙarshen kuma sun ja shi da yawa, gaskiya. Duk da haka jikina ya yi sanyi. Na tuna rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025, cewa mutum 1 cikin 6 na fama da kaɗaici.

Rabona da jin muryar ƙanwata wata biyu, sai dai tura wa juna alamar dariya. Da safe na kira ta. Tana ɗauka ta ce, "Yaya, lafiya dai? Wani abu ne ya faru?"