Gilashin Alhaji da lissafin sanyi

Laraba, tsakiyar Afrilu.

Yau a kan zanen wurin sayar da motocin nan na Titin Zariya na wuni. Mai zanen gini ya gama nasa, saura namu: wuta, ruwa da sanyi.

Da hantsi Alhaji ya kira ni filin. Yana gabas da titi, don haka fuskar ginin yamma take kallo, kuma so yake gaban duka ya zama gilashi, tsawon mita 30, tsayi mita 5, yadda mai wucewa zai hango motocin tun daga nesa, kamar waɗanda ya gani a Dubai. Na ce, "Ranka ya daɗe, gilashin zai yi kyau, amma ranar la'asar ta Kano kai tsaye za ta faɗo ciki." Ya ce, "Injiniya, ba sai a ƙara AC ba?"

Sai na zaro takarda muka yi lissafi a kan bonet ɗin motarsa. Gilashi fari idan rana ta doke shi, kowace murabba'in mita tana iya shigo da zafin da ya kai wat 500. Namu murabba'in mita 150 ne, wato kilowat 75. AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kilowat 3.5 na zafi yake kwashewa. Ke nan sai an jera sama da guda 20 saboda gilashin kaɗai, ba a zo kan rufi da fitilu da mutane ba, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Kowane AC kuwa ƙarin nauyi ne a kan tiransifoma da janareta, janaretan kuma dizal yake sha. Da na ambaci dizal ya yi shiru. Ɗan kasuwa ne, nan ne maganar ta shiga.

Mun tsaya a kan rumfa mai fitowa sosai a saman gilashin, da gilashi mai ruɓi biyu mai tare zafi, a kuma rage tsayin zuwa mita uku da rabi. Ofisoshi da ɗakin jiran baƙi su sami nasu sanyin daban, don kada a kunna zauren gaba ɗaya saboda akanta ɗaya da ya tsaya aikin dare. A ganina motar da ke ajiye ba ta neman sanyin asibiti, mai saye ake sanyaya wa.

Bayan azahar na koma ofis na shiga ɓangaren gareji, wanda ya fi ɗaukar hankalina. Na'urar ɗaga mota da kwamfuresa wuta mai layi uku suke so, bolt 415, kuma lokacin tashi suna jan ninkin abin da suke ci sau biyar ko shida. Idan aka haɗa su allon rarraba wuta ɗaya da kwamfutocin ofis, kullum sai an ga fitilu na ƙiftawa. Na raba musu allo. Na sa bututun da ake maƙalawa a salansa ya fitar da hayaki waje, saboda iskar da ke kashe mutum a rufaffen gareji ba ta da wari.

Sai ruwa. Rijiyar burtsatse da tanki a sama, wannan ba gardama. Gardamar tana kan ramin tace mai. Ruwan wankin mota da na daɓen gareji ɗauke yake da baƙin mai da yashi. Na zana rami mai ɗakuna uku: yashi ya kwanta a na farko, mai ya taso sama a na biyu tunda ya fi ruwa rashin nauyi, ruwan ya fice ta ƙasa. Ɗan kwangila ya bugo waya wai a cire, kowa kwata yake sakar wa. Na ce masa ba zan sa hatimina na COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, a zanen da zai tura baƙin mai kwalbatin unguwa ba, ga rijiyarmu kuma a fili ɗaya.

Dab da magariba yaron ofishinmu ya lura cewa masan banɗakin ma'aikata alƙibla suke fuskanta. Muka juya su kudu, muka matso da famfunan alwala kusa da masallaci.

Gobe zan leƙa Sabon Gari in ji farashin wayar wuta, sannan mu haɗa takardun da za a kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano. Alhaji ya turo saƙo yanzu, wai in duba ko rufin zai ɗauki sola.