Allurar bindigar Baba

A ƙarshen damanar bara, lokacin da masara ta fara bushewa a gonarmu da ke kan hanyar Lagdo a arewacin Kamaru, bindigar mahaifina ta ƙi tashi. Garken gwaggon biri ne ya sauko daga duwatsu da sassafe, Baba ya ɗaga bakinta sama domin ya razana su kamar yadda ya saba, ya ja kunama, amma abin da ya ji kawai shi ne ƙas. Ya karkatar da bakinta ƙasa, ya tsaya kimanin minti ɗaya bai buɗe ta ba, domin akwai harsashin da kan yi jinkiri kafin ya tashi, kuma wanda ya yi gaggawar buɗe bindiga a irin wannan hali yana iya karɓar wutar a fuskarsa. Da ya karya ta ya zaro harsashin, sai ya ga cibiyar da ke tsakiyar gindinsa sumul take, ko ƙwarzane babu. Ya girgiza bindigar a hankali, wani ɗan guntun ƙarfe da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya faɗo a tafin hannunsa. Kan allurar ne ya karye.

Allura muke ce mata a gidanmu, takardun Faransanci kuma suna kiranta percuteur. Siririn ƙarfe ne da ke ɓoye a cikin jikin bindiga, wanda ƙarfin sifirin ke ingizawa gaba idan an ja kunama, ya leƙo ta wata 'yar ƙofa ya daki cibiyar harsashi, cibiyar ta kama wuta, wutar ta kunna albarushi. Nauyinta bai kai na ƙusa ba, amma idan ta karye bindigar ta zama sanda.

Bindigar tamu Simplex ce mai cin harsashi ɗaya, ƙirar kamfanin Manufrance na birnin Sant-Etiyen a Faransa, wanda Étienne Mimard da Pierre Blachon suka kafa a 1885. Tun 1908 kamfanin ya fara fitar da wannan samfuri, kuma saboda sauƙin kuɗinta da ƙarancin kayan cikinta ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka, har ya zama a yankinmu tsofaffin maharba da yawa ba su san wata bindigar Bature ba sai ita. Kakanmu, wanda ya yi fataucin fata da gyaɗa a zamanin da jiragen ruwa ke haurowa Binuwai zuwa tashar Garwa da damina, shi ya saye ta 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai na 1960. Daga hannunsa ta dawo hannun Baba, kuma Baba ya mayar da takardarta da sunansa, yana ajiye ta a cikin leda tare da takardun gona. Matsalar ita ce masana'antar da ta ƙera ta ta rufe tun 1985. Sunan kamfanin ya sake dawowa daga baya a hannun wasu, amma mutumin Garwa da ke neman allurar bindigar da ta haura shekara sittin ba shi da kantin da zai shiga ya nuna da yatsa ya ce a ba shi waccan.

Shawarar farko da kowa ya ba ni a unguwarmu ta Hausare ita ce in kai wa maƙeri, ya samo ƙusa ko guntun ƙarfen keke ya goge da magagari, kafin azahar an gama. Ba zan ce shawarar ba ta shige ni ba, domin birai ba sa jiran kowa, kuma na ga yadda Baba ke fita gona da gwangwani da sanda yana kaɗawa, yana ihu har muryarsa ta dishe. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, na naɗe guntayen allurar biyu a takarda na nufi wurin wani tsohon maƙeri da iyalinmu suka daɗe suna sayen fartanya da lauje a hannunsa. Bindigar kanta na bar ta a gida, saboda takardar ba da sunana take ba.

Na same shi zaune gaban maƙera, jikansa yana masa zuga. Bayan gaisuwa na buɗe takardar na ce, "Baffa, allurar bindigar Baba ce ta karye, ko za ku duba mana?" Ya ajiye awartaki, ya goge hannunsa a jikin walkinsa, ya ɗauki guntun ya kai shi kusa da idonsa yana juyawa a cikin hasken rana. Ya ɗan goga magagari a jikinsa, magagarin ya zame yana ƙara ba tare da ya ci sosai ba. Daga nan ya miƙa hannu ya ɗauko wata ƙusa a ƙasa ya yi mata haka, nan take garin ƙarfe ya zubo. Ya ce, "Ka ga bambancin, ɗana? Siffar ba wuya, yaron nan ma zai fitar maka da ita. Ruwan da aka ba ƙarfen shi ne ba ni da tabbacinsa. Fartanya idan na kuskure ruwanta, ta lanƙwashe a gona a dawo mini da ita. Wannan idan na kuskure, idon mahaifinka ne a bayanta." Ya ƙara da cewa ko da yana da tabbacin, shekaru ke nan da ya daina taɓa kayan bindiga, domin hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba.

A lokacin na ji zafin maganar, domin na yi tafiya na kashe kuɗin mota na dawo hannu wofi. Sai daga baya, da na zauna da mai gyaran bindiga na gaske, na fahimci cewa tsohon ya tattara ilimin abin duka a cikin 'yan jimloli. Idan ƙarfen allura ya yi taushi, kanta yakan baje a hankali da yawan duka, har wata rana ta maƙale a cikin ƙofarta tana leƙe waje, kuma a bindigar da ake karyawa irin tamu, allurar da ta maƙale a waje tana iya tayar da harsashi a daidai lokacin da ake rufe bindigar, kafin mai ita ya kai hannu ga kunama, bakinta kuwa yana kallon duk inda ya ga dama. Idan ƙarfen ya yi tauri fiye da kima, yakan zama kamar gilashi, ya tsinke a duka na goma ko na ashirin. Haka nan tsawonta: in ta gaza, ba za ta daki cibiya da ƙarfin da ake bukata ba, harsashi ya riƙa ƙin tashi ko ya riƙa jinkiri, in ta zarce ko kanta ya yi tsini, sai ta huda cibiyar, iska mai zafi ta dawo baya ta cikin jikin bindigar wajen fuskar mai harbi. Tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure a nan ba ta kai kaurin farce ba, kuma ba a auna ta da ido.

Maganar hukuma da tsohon ya yi ma gaskiya ce. Dokar makamai ta Kamaru mai lamba 2016/015, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Disamba 2016, ta sanya ƙera makami da shigo da shi da sayar da shi da ɗaukarsa da riƙe shi duka a ƙarƙashin izini. Izinin riƙe bindigar farauta yana fitowa ne daga ma'aikatar kula da mulkin ƙasa, izinin farautar kanta kuma daga ma'aikatar gandun daji da namun dawa. A watan Afrilu na 2018 ministan kula da mulkin ƙasa Paul Atanga Nji ya ba da umarnin dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, ciki har da Adamawa da jihohin da Yawunde da Duwala suke, wato wuraren da 'yan kayan gyara kan biyo kafin su iso arewa. Wanda ya san abin da zargina, wato 'yan fashi masu tare hanya, da masu satar mutane suka yi wa makiyaya da 'yan kasuwa a wannan yanki ba zai yi mamakin tsananin ba. Ni kaina ina goyon bayansa, ko da yake nauyinsa yakan faɗo a kan manomi mai takarda fiye da ɗan fashin da bai taɓa neman takarda ba.

Daga nan sai muka koma neman matacciyar Simplex, wato wadda ta lalace ta wani wuri amma allurarta na nan. Wani kawuna da ke Ngong ya tuna da wani tsohon maharbi wanda bututun bindigarsa ya kumbura shekaru da suka wuce bayan laka ta toshe bakinta. Iyalinsa suka ba mu allurar kyauta, suka ce ladan ya je wa marigayin. Na dawo da ita cikin murna, amma da muka jera ta kusa da guntayen tamu a kan farar takarda, sai muka ga kafaɗarta ba a wuri ɗaya take da tamu ba. Samfurin da aka shafe shekaru masu yawa ana ƙerawa ba ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, sunan ɗaya ne amma kayan ciki sun sha sauyi. Na ce, "Baba, bambancin kaɗan ne, ko a ɗan goge ta?" Ya dube ni ya ce, "Abin da maƙeri ya ƙi yi da shekara hamsin a gaban wuta, kai ne za ka yi shi da magagarin gyaran keke?" Ban sake tayar da maganar ba.

Wata huɗu aka yi a haka kafin wani ma'aikacin gandun daji mai ritaya, wanda ya yi karatu a makarantar koyon kula da namun dawa ta Garwa, ya haɗa mu da wani mai gyaran bindiga da ke da izinin aikin, wanda ya daɗe yana kula da bindigogin sansanonin farauta da ke kewaye da gandun Binuwai da na Faro. Baba da kansa ya kai bindigar, a naɗe cikin buhu, babu harsashi, takardarta a aljihun gaba, ni kuma na raka shi. Abin da mutumin ya fara tambaya shi ne takardar, ya gwada lambar da ke jikinta da wadda ke jikin ƙarfen, ya rubuta a littafinsa, sannan ya taɓa sukurudireba. Ya warware bindigar a kan wani farin ƙyalle, ya jera kayan cikinta bi da bi, ya nuna mana dattin mai da ƙura da suka daskare a ramin allurar kamar kwalta. Ya duba allurar Ngong ya ajiye ta gefe. Ya ce zai fara nema a wurin abokan sana'arsa, in ba a samu ba zai fitar da sabuwa a kan injinsa daga ƙarfen da aka yi domin irin wannan aiki, ya auna ta da ma'auni.

Shi ne kuma ya gano dalilin karyewar. Ya tambayi Baba yadda yake ajiye bindigar idan ya dawo daga gona, Baba ya ce yakan zare harsashi, ya rufe ta, ya ja kunama domin sifirin ya huta, sannan ya rataye ta, kuma haka ya ga mahaifinsa yana yi. Mutumin ya ce niyyar mai kyau ce, amma duk sa'ad da aka ja kunama babu harsashi, allurar ba ta samun cibiya mai taushi da za ta karɓi dukan, sai kafaɗarta ta daki ƙarfen jikin bindiga, kuma wannan duka da aka maimaita shekara da shekaru shi ke haifar da tsagar da ido ba ya gani. Ya ce akwai harsashin wofi da ake yi musamman domin haka, mai ɗan sifirin a gindinsa, ya ba Baba ɗaya. Na lura Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, domin ba abu ne mai sauƙi ba a gaya wa dattijo mai shekara saba'in cewa al'adar da ya gada ita ce ta jawo ɓarnar, amma ya karɓa ya yi godiya.

Akwai wani abu da ya fi allurar muhimmanci wanda da ba mu je wurinsa ba da ba za mu taɓa sani ba. A ƙarƙashin bututun, kusa da tambarin gwajin da ake bugawa a Sant-Etiyen, ya nuna mana lamba 65. Ma'anarta ita ce ɗakin harsashin bindigar milimita 65 ne, alhali yawancin harsasan da ake samu yanzu na milimita 70 ne. Dogon harsashin yana shiga lafiya lau, domin bakinsa a naɗe yake kafin a harba, kuma wannan ne ke ruɗin mutane. Sai an harba bakin ya buɗe ya rasa wurin miƙewa, matsin da ke cikin tsohon bututun ya ƙaru. Baba ya shafe shekaru yana sa mata na 70 ba tare da ya sani ba. Yanzu na 65 kawai yake saye, ko da yake sai an yi cigiya kafin a samu, kuma farashinsa ya fi.

Bayan mako shida aka aiko mana cewa aiki ya kammala. Ba a samu tsohuwar allura ba, sabuwa ya yi, ya kuma canza sifirin da ya gaji. A bayan gari, inda yake gwajinsa a gaban wani tudun ƙasa, ya ɗaure bindigar a jikin katako ya harba ta sau uku daga nesa da igiya, sannan ya kawo wa Baba kwansunan. Baba ya sa tabarau ya duba gindin kowanne, ramin da allurar ta yi yana tsakiyar cibiya, zagayayye, zurfinsa iri ɗaya a duka ukun, babu huda babu baƙin hayaƙi a gefe. Ya ce, "Madalla, Allah ya yi wa hannu albarka."

Masarar bara dai birai sun ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A hanyarmu ta komawa Baba ya ce in tsaya a Pitowa, ya shiga wurin tsohon maƙerin ya nuna masa kwanso ɗaya, suka daɗe suna dubawa tare, sannan ya sayi fartanya biyu. Allurar Ngong kuma ya ce in mayar wa iyalin marigayin idan na je, domin wataƙila akwai wata Simplex ta zamaninta da ke jiran ta.