Abin Da Fina-finan Koriya Suka Ci Mini

'Yar yayana ta zo mana da sunan za ta yi karatun jarrabawar fita sakandare, wai a gidansu ƙanne sun cika surutu. Tsakar dare na fito shan ruwa, sai na hango haske yana ɓullowa ta ƙarƙashin bargonta. Ina ɗaga bargon na gan ta da waya a hannu, idanu sun yi jawur, hawaye har wuya. Na ce lafiya? Ta ce, "Gwaggo, takobin za a zare masa." Ban tambayi wane takobi ba, don na san shi. Goblin take kallo, fim ɗin 2016 na janar ɗin da aka soke da takobinsa, ya kai shekara 939 a duniya yana yawo da shi a ƙirji. Na karɓe wayar, na yi mata faɗan da ya dace, na koma ɗaki. Barci ya ƙi zuwa. Shi ya sa nake rubuto muku wannan, ku sa'o'inta.

A zamaninmu ba kowa ke da wayar kallo ba. Faifan CD ne, irin wanda ake cusa kashi goma sha wani abu a cikin guda, hoton dishi-dishi, rubutun Turancin da ke ƙasa wani lokaci ya riga mai magana, wani lokaci ya biyo bayansa da gudu. Ina jami'a wata ƙawata ta kawo fim ɗin Jumong ɗakinmu, ta ce mu ɗan taɓa kafin a ɗauke wuta. Daga ɗan taɓawa abu ya zama karo-karon kuɗin man janareta. Sallar asuba ta koma ta bayan fitowar rana, laccar safe kuwa na yafe wa masu ƙwazo. Jarrabawa ta zo ta same ni na haddace sunayen 'ya'yan Sarki Geumwa na cikin fim ɗin da fadawansa kaf, amma ban san inda aka kwana a kwasa-kwasaina ba. Na faɗi, na maimaita, 'yan ajinmu suka tafi bautar ƙasa suka bar ni. A gida na ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Baba bai ce na yi ƙarya ba. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ci gaba da jan carbinsa. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Amma fa a yi mini adalci. Wanda bai kalli Jumong a lokacin ba ba zai gane ba. Tashar MBC ta nuna shi daga 2006 zuwa 2007, kuma ba mu kaɗai ya kama ba, a Iran ma sai da ya zama abin magana a ko'ina. Jarumin bai faɗo daga sama da ƙarfinsa ba. Ya fara ne a matsayin yarima ragon banza, matsoraci, wanda yayyensa ke neman hallakawa, kana kallonsa yana koyon harbin baka a hankali har ya kafa daular Goguryeo, wadda littattafansu suka ce an kafa a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa. Rabin faɗan ma a maƙera ake yin sa, ana neman sirrin ƙera takobin da zai iya karawa da na daular Han ta ƙasar Sin. Ga Soseono, 'yar attajiri mai fatauci, wadda ba ta jiran a zo a cece ta. Sannan ita fadar tasu ba baƙuwa ba ce a idon Bahaushe. Akwai uwargida da sa-ɗaka, akwai kishi a kan ɗan wa zai gaji sarauta, akwai bafaden da ke rusunawa da rana ya ƙulla tuggu da dare. Ba sai an yi mana bayani ba.

Kuma akwai kunya a cikinsu, musamman na wancan lokacin. Dae Jang Geum, wanda aka yi a 2003 mai kashi 54, da Umma muka kalle shi a falo, ba a taɓa samun wurin da na miƙa hannu neman rimot ba. Tufafi har ƙasa, soyayyar ba ta wuce kallo da sunkuyar da kai. Kyamara sai ta tsaya a kan hannun mai yanka kayan miya, a kan tulunan da ake ajiye miyar waken suya ta yi watanni tana tsima, a kan yadda ake riƙe tsintsiyar hannun maras lafiya a saurari bugun jini. Umma, wadda ba ta jin Turanci, ita ce ke fara gane wacce jakadiya ce munafuka. To ku gaya mini, laifin wa? Na ce laifina ne, ban janye ba, sai dai abin da ya ja ni ba abin banza ba ne.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kasuwanci ake yi da barcina. Jumong kashi 60 aka tsara, da aka ga jama'a sun kamu sai aka ja shi zuwa 81. A can a lokacin ana ɗaukar fim ɗin ne ana nuna shi, kashi biyu duk mako, wani lokaci marubuci na miƙo takardun labari a filin ɗauka. Shi ya sa tsakiyar irin waɗannan fina-finai take zama kamar miyar da aka ƙara wa ruwa don baƙi sun ƙaru. A kama jarumi, ya kuɓuce, a sake kama shi. A nuna maka tunanin abin da ka gani minti goma da suka wuce, da kiɗan tausayi a ƙasa. Fadawa su jeru layi biyu suna roƙon sarki ya janye umarni da murya ɗaya, ya ƙi, gobe su sake jeruwa. A ce maka ga rundunar da za ta ci daula, ka ƙirga ka ga ba su cika motar haya biyu ba. Wannan ruwan da aka ƙara shi na sayar da darasina na saya.

Wauta ta biyu ta fi ba ni kunya, don ita da girmana na yi ta. Na ɗauka na san tarihin Koriya. A wani zaman suna na buɗe baki ina ba mata labarin yadda Jang-geum, jarumar Dae Jang Geum, ta tashi daga madafar sarki ta zama likitarsa, ina rantsuwa da gaske aka yi. Wata baiwar Allah da ta karanci tarihi ta bari na gama, sannan ta ce mini a hankali in je in bincika. Na bincika. Matar dai an yi ta, likita ce a zamanin Sarki Jungjong wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544, kuma ya yarda da ita. Amma sunanta a 'yan wurare ƙalilan ya fito a kundin fada, kuma babu maganar girki ko ɗaya. Madafar nan da gasar girkin da muka yi ta kuka a kansu, duk marubuciya ce ta ƙirƙiro. Abin da yake gaskiya kuma ya fi ban sha'awa: an fara horar da mata likitoci a 1406 saboda matan manya sun gwammace su mutu da ciwo da namiji ya duba su, kuma daga cikin bayin gwamnati ake ɗebo 'yan matan.

Shi kansa kundin abin mamaki ne. Tarihin sarakunan daular Joseon ta Koriya ne na shekara 472, littafi 1,893, kuma ƙa'ida ita ce sarki ba ya karanta abin da aka rubuta a kansa. A 1404 Sarki Taejong ya faɗo daga kan doki wajen farauta, ya ce kada a bari marubutan tarihi su ji. Suka rubuta faɗuwar, suka rubuta har da cewar da ya yi kada a faɗa musu. Mutanen da suka gaji irin wannan ba sa wasa da tarihinsu. Fim ɗin Empress Ki na 2013, na 'yar Koriyar da ta zama matar sarkin Mongol, ya sha suka a Koriya saboda ya mayar da matar gwarzuwar kishin ƙasa, alhali a tarihi ita ce ta sa aka tura rundunar Mongol kan Goryeo, ƙasar haihuwarta, a 1364, bayan an kashe ɗan'uwanta. A watan Maris na 2021 kuwa tashar SBS ta soke Joseon Exorcist bayan kashi biyu kacal, don jama'a sun yi caa a kan yadda aka nuna Taejong yana karkashe talakawa da yadda aka jera abincin Sinawa a teburin Joseon, masu talla suka janye. Su masu abin suna tankawa, ni ina nan ina rantsuwa a gidan suna.

Ku kuma naku ya fi karkata ga na aljanu da fatalwa, kuma ban ce ba su da kyau ba. Sun iya maganar mutuwa. A Goblin akwai ɗakin shayin da mamaci ke zama gaban ɗan aiken mutuwa mai baƙar malafa kafin ya wuce, kuma wasu daga cikin waɗannan zaman, kamar na makaho da karensa, sun fi soyayyar fim ɗin gaba ɗaya taɓa zuciya. Kingdom, wanda Netflix ya fitar a 2019, gawarwaki ne masu tashi suna cin mutane, amma in ka lura labarin yunwa ne. Annobar ta bazu ne daga talakawan da yunwa ta sa suka ci abin da ba a ci, yayin da manya ke ɓoye mutuwar sarki don riƙe mulki. Wannan rubutu ne na mai hankali.

Sai dai ku buɗe ido. Dokkaebi na tatsuniyarsu, wanda aka fassara da Goblin, wani aljani ne mai tsokana da ke fitowa daga tsohon kayan aiki da aka yar, kamar tsintsiya, yana tare matafiyi da dare ya ce sai sun yi kokawa. Fim ya wanke shi, ya sa masa doguwar kwat mai tsada, ya kai shi Kanada yawo, ya zaunar da shi a shagon Subway yana cin burodi don an biya kuɗin talla. Amaryar da aka ƙaddara masa kuwa 'yar sakandare ce mai shekara 19 da kayan makaranta a jiki. Da a unguwarku tsoho ya yi haka da kun cika Facebook da zagi, amma da yake fari ne dogo sai ku ce ƙaddara. Kuma kusan duk labarin a kan sake dawowa duniya bayan mutuwa aka gina shi, wai an yi soyayya a rayuwar baya za a ƙarasa a wannan. Aƙidarsu ce da ta samo asali daga addinin Buddha, su ta shafa. Masu duba nasu da ake kira mudang, da rawarsu da hawan iskarsu, ba su da nisa da 'yan borin da kuke gudu a gida. Na ji yarinya da hijabi har ƙasa tana cewa ita da wane tun a rayuwar farko suka haɗu. Da wasa take yi, na sani. Ni ma da wasa na fara.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, na ga yawancinsu surutu ne. Idan akwai jarrabawa a gabanka, kada ka fara. Ba a cewa kashi ɗaya kawai, an gina ƙarshen kowane kashi ne don ya hana ka tashi, kuma waɗanda suka gina shi sun fi ka wayo, albashi ake biyansu a kan haka. Goge shi daga wayar, kada ka ce za ka ajiye sai an gama. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Da na so in ce ku riƙa zaɓen gajeru masu kashi 16, to amma su ne ma ake shanyewa a dare biyu. Dogayen sun fi aminci, don sukan gundure ka ka kwanta. Ban sani ba, ku zaɓa. Ni dai haushina da ku shi ne ko kallon ma ba ku iya ba. Kuna ƙara wa fim gudu, kuna tsallake duk inda dattawa ke magana, kuna neman wurin da aka riƙe hannu ku yanko ku ɗora a TikTok. Mu aƙalla da muka lalace mun san abin da muka kalla. Kun cika baki da "oppa", wato yadda mace ke kiran yayanta ko saurayinta a can, an tambaye ku wane ne Sejong, sarkin da ya ƙirƙiro musu haruffan rubutu a 1443, ku ce kun gan shi a fim, kyakkyawa ne. Muhammadu Rumfa da ya hau gadon Kano shekara 20 bayan haka kuwa ko a fim ba ku gan shi ba. Ni ma a shekarunku ban san shi ba, amma wannan ba hujjarku ba ce.

Duk abin da fim ya ce maka tarihi ne, ɗauki sunan sarkin ka bincika kafin ka buɗe baki a cikin mutane. Wayar da kake kallon da ita ta isa. Wani lokaci za ka tarar gaskiyar ta fi fim ɗin muni, kamar Yarima Sado da mahaifinsa Sarki Yeongjo ya kulle a akwatin ajiyar shinkafa a 1762 har ya mutu bayan kwana takwas, ko ɗimbin bayin da ke ɗauke da wannan fada mai kyawawan tufafi, waɗanda ba a soke bautarsu a doka ba sai a 1894.

Bayan jarrabawa kuma, ban hana ba, ƙarya ne in ce na daina. Ku nemi Queen Seondeok na 2009, ku kalle shi da rana, tare da iyayenku mata in za su yarda. Ba don sarauniyar ba, don Mishil, matar da ke murmushi tana ɗaga gira ɗaya a kashe mutum. Ita ma kada ku rantse an yi ta, littafin da ya ambace ta masana na jayayya a kan ingancinsa. Tana mutuwa a kashi na 50 ku kashe kallon, sha biyun da suka rage ƙari ne aka yi.